Tambayar da Kaka Bai Yi Ba

Ran nan wani mai babbakar kawunan shanu a Tudun Wada ya bar ƙaho a wuta, warin ya bi ni har gida. Ban iya cin abinci ba.

Kakana na wajen uwa maƙeri ne a Rawayya. Ba ya son ƙera fartanya. Abin alfaharinsa ƙusoshin tagulla da yake kafa wa ƙahon albarushin maharba. Sai ya yanka tagullar ƙanana, ya bubbuga kan kowace ta yi kamar ƙwayar dawa, sannan ya gasa tsinken ƙarfe ya yi jawur, ya huda ƙahon, ya kafa su layi-layi. Idan na matso ya ce, "Matata, ja baya, kar ki ƙone in rasa mai tuƙa min tuwo."

Doka ɗaya gare shi. Duk maharbin da ya kawo ƙaho, ko da furfura har gemu, sai ya tsare shi da ido ya ce, "Ka wanke cikinai?" Domin albarushi yana maƙalewa a lungun ƙaho, zazzagewa ba ta fitar da shi.

Shekarar da aka daina fam da sule, bayan an gama girbi, Baba, mahaifina, ya zo daga Tsafe da nasa ƙahon. Maharbi ne, kuma mijin 'yar farin Kaka. Tun daga bakin zaure ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa, kai a ƙasa. Kaka ma ya kau da fuska. Da Inna, mahaifiyata, aka aika ƙahon, ita kuwa ba ta iya haɗa ido da ko ɗayansu.

Na jira tambayar. Ina zaune bakin maƙera ina jin zuga-zugi na huci. Kaka ya juya ƙahon a hannu, ya shinshina bakinsa, ya buɗe baki kamar zai yi magana. Ya dubi inda surukinsa yake durƙushe, ya fasa, ya sa tsinken a wuta. Baba kuwa ya ɗauka Kaka zai wanke da kansa; wane shi ya koya wa suruki sana'arsa?

Ƙusoshin farko sun shiga lafiya. Da tsinken ya kai kusa da tsinin ƙahon, sai ƙara da farin hayaƙi.

Kaka bai sake gani ba. Bai kuma taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Baba ya jingine bindiga ya dawo Rawayya, shi ke ja wa Kaka sanda zuwa masallaci, har Kaka ya rasu ba su yi zancen ba.

Yanzu tsofaffi 'yan'uwana suna kukan kunya ta ƙare. Mijin 'yata yakan shigo ɗakina ya zauna kan kujera, mu yi hira. Idan zai ɗauki jikokina a mota, nakan tare shi a ƙofa in tambaye shi ko ya duba birki, kuma ba na matsawa sai ya amsa.