Mai Zaɓen Ruɓaɓɓen Mangwaro

A kasuwar Karaye wata budurwa mai tabarau tana durƙushe gaban tulin mangwaro da kwalba a hannu, ruɓaɓɓu take zaɓa. Mai mangwaron, don karamci, yana ta kore mata ƙananan ƙudajen.

"Wayyo Baba, su na zo kamawa, jibi malaminmu zai karɓa!" Tana dariya har tabarau na zamewa. "Cikin ƙwayoyin halittarsu akwai guntaye masu tsalle-tsalle suna ɓarna. Uwar ke zuba wa ƙwanta 'yan ƙananan masu gadi!"

"To, gyaranki ƙuda goma," in ji shi.

Sa'ar 'yata Zuwaira ce, ina zato. Shekara biyu da rasuwarta, gilashinta na duba ƙwari yana cikin jakata. Na miƙa wa budurwar. Ba ta gama godiya ba ta kafa shi kan kwalbar.

"Mama, zo ki ga jajayen idanu!"

Na durƙusa.