Rebecca DJ da Taken Mijinta

A Birnin Gwari, in ana biki a gidan da namiji iyakarsa zaure, Rebecca ake kira. Za ka ga adaidaita ta sauke ta da sifika biyu, da ƙaramin janareto, da kwamfutar da murfinta ya tsage aka ɗaure da salatif. Mazan da ke sana'ar DJ a garin sun fi ta kaya nesa ba kusa ba, wasu har da fitilu masu juyawa, amma duk ƙawar kayan nan a ƙofar gida take tsayawa. Ita kuwa har tsakar gida, kusa da inda ake tuƙa tuwo, ta kafa teburinta, mata su ajiye mayafai su cashe son ransu.

Masu baƙin ciki suna cewa don mace ce kawai take samun kasuwa. Ƙarya suke yi, kunne gare ta. Rebecca kan ɗauki muryar waƙar soyayya ta ɗora a kan kiɗan mutanen Legas, ta jawo wannan ta rage wa wancan gudu har su zauna daram, ka rantse tare aka haife su. Ba a jin inda waƙa ta ƙare wata ta fara. Tsofaffin da suka zo biki da niyyar zama kawai su sa albarka, sai ka ga ƙafarsu tana motsi a ƙarƙashin zane.

Kunnen nan gado ne. Mahaifinta, Baba Isaiah, shi ne makaɗin gangar noma a ƙauyensu da ke ƙasar Kakangi, dab da daji. Ƙauyen Gbagyi ne, wasu na coci wasu na masallaci, amma gayya ɗaya suke fita. A al'adarsu, duk saurayin da ya isa riƙe garma a gayya, makaɗi zai zuba masa ido ya ga yadda yake sara, sannan ya yanka masa take, wato ɗan gajeren kiɗa nasa shi kaɗai. In aka buga shi a wurin biki, kowa ya ja baya a bar wa mai shi fili. In ya yi tafiya, a buga duk da haka, a bar filin wayam har kiɗan ya ƙare, ana ajiye masa wurinsa ke nan. Sai in ya mutu ne ƙaninsa ko ɗansa zai shiga ya taka, daga ranar take ya koma nasa. Ba a shiga filin mai rai. Wanda ya yi haka ya yi wa mutum fatan kabari.

Mace ba ta taɓa gangar noma, don haka Rebecca a bayan jarkar ɗibar ruwa ta koyi nata. Tun tana ƙarama ta haddace taken kowa a ƙauyen. Baba Isaiah in ya ji ta sai ya yi tsaki ya ce Allah ya ba shi magaji ya manta bai yi shi namiji ba.

Ta auri Japheth, manomin masara mai ɗan shago a bakin kasuwa, inda yake cajin waya yana tura wa mutane waƙoƙi a memori. Shi ya fara kawo kwamfutar, shi ya fara gwada haɗa waƙa da waƙa. Allah ya ba shi ƙarfin noma da daɗin baki, amma haɗinsa kamar an zuba gishiri a koko. Ita tana gefe da goyon 'yarsu Mercy tana cewa wannan ya riga wancan sauka, wancan ya makara. Da ya gaji da gyara sai ya miƙe daga kujerar ya ce ta zauna ta yi su gani. Bai ƙara komawa kujerar ba, kuma bai taɓa jin haushi ba. Shi ke ɗaukar mata sifika a ka, yana gaya wa kowa cewa shi yaron DJ ne.

Ita ta gano cewa gangar noma tana zama a ƙarƙashin kusan kowace waƙa in an iya yi mata shimfiɗa. Wata rana bayan girbi ta zaunar da mahaifinta a gindin mangwaro, ta ajiye waya a gabansa, ta sa shi ya buga taken mazan ƙauyen ɗaya bayan ɗaya. Ya buga yana mita, wai an mai da shi mawaƙin rediyo da tsufansa.

Da damina 'yan bindiga suka ɗauke Japheth a gonarsa tare da wasu mutum kaɗan. Sau ɗaya aka kira, aka ji muryarsa, daga nan lambar ba ta ƙara shiga ba. Waɗanda suka dawo sun ce tun a kwanakin farko aka raba su a cikin daji, ba su san inda aka yi da shi ba. Ba wanda ya ce ya ga gawa, ba kuma wanda ya ce ya gan shi da rai. Kafin wata daminar aka faɗa wa ƙauyen kansa, mutane suka watse, akasari suka gangaro cikin gari. Rebecca ta fito da 'yarta a baya da kwamfutar a cikin buhu. Gangar Baba Isaiah tana can rataye a ɗaki, in gara ta bar wani abu.

Wata Hajiya Huraira, maƙwabciyar ɗakin da suka kama, ita ta fara ba ta aiki ranar kamun 'yarta, daga nan labari ya bi gidaje. Da wannan sana'ar take ciyar da kanta da Mercy da tsohon mahaifinta, wanda yanzu hannunsa ke rawa ko kofi ba ya riƙewa da kyau. Sai ya zamana taken mazan ƙauyen nan duka babu inda suka rage sai cikin kwamfutar Rebecca. Duk wanda zai yi biki cikin mutanensu, Musulmi ko Kirista, ita zai nema. Ta jera taken a cikin waƙoƙin zamani, in na mutum ya zo ta janye waƙar ta bar ganga, mai shi ya fito ya taka ana guɗa. Mutanen da rabonsu da gona an daɗe, masu gadi da masu tura baro yanzu, a nan suke tuna su wane ne.

In na Japheth ya zo, fili ya koma wayam. Kowa ya tsaya a gefe hannu a harɗe har ya ƙare. Rebecca ba ta ɗaga kai daga kwamfuta. Ba ta taɓa tsallake shi ba ko a bikin wanda bai san Japheth sosai ba, domin muddin ana barin filin nan, ita matar aure ce mai jiran miji, kuma duk ƙauye ya shaida.

Haka aka yi ta tafiya har aka sa ranar auren Obed, ƙanin Japheth. Obed a gari ya zama saurayi, acaɓa yake yi, bai taɓa fita gayya ba, saboda haka ba shi da take. An taɓa roƙon Baba Isaiah ya yanka masa, tsohon ya ce shi bai iya yanka wa mutum take a kan babur ba.

Ana saura kwanaki biki, Mama Alice, uwar su Japheth, ta zo ɗakin Rebecca da hantsi. Ta zauna a tabarma, suka gaisa, ta tambayi Mercy da jikin tsoho, ta sha ruwa. Sannan ta ce, “Maman Mercy, ranar Asabar in kin sa na Japheth, ina so Obed ya shiga.”

Rebecca ta ce, “Mama, wa ya kawo miki labari?”

“Ba wanda ya kawo. Na gaji da kallon fili ne, 'yata. Ba ni da kabarin da zan je, ba ni da ɗan da zan gani. Ki bar ni in yi kukana in gama tun ina da rai.”

Rebecca ba ta yi wa surukarta musu ba, ba tarbiyyarta ba ce. Ta raka ta har bakin titi. Amma ranta ya ɓaci ƙwarai, tana ganin uwa ce da kanta ta fara haƙa wa ɗanta rami. Ta rasa mafita. In ta sa taken, Obed zai shiga. In ta tsallake shi a bikin ƙaninsa na ciki ɗaya, ita ce ta fara cire mijinta daga cikin mutane.

Sai ta koma ga abin da ta iya. Ta ɗauki taken Japheth ta rage masa ƙara, ta kwantar da shi a ƙarƙashin wata waƙa mai zafi da 'yan mata ke yayi, mai kiɗa da yawa. Ta yi ta gyara har ya nutse, sai wanda ya san yana nan zai ji shi. A lissafinta, ta sa taken, ba ta tsallake ba, kuma ba wanda zai ji balle ya shiga. Ta saurara ta sake saurara, ta yaba wa kanta. Wayo ne kam, irin wanda mutum kan yi in ya ƙulle kansa a ɗaki bai yi shawara da kowa ba.

Ranar Asabar bayan an fito daga coci aka taru a filin wata firamare. Da rana ake yi yanzu, a watse kafin magariba saboda masu komawa ƙauyuka. Rebecca ta kafa teburinta a inuwar darbejiya. Ta saki na dattawa, kowa ya fito ya taka nasa. Sannan ta saki waƙar nan mai zafi, fili ya cika maƙil, yara da manya, har amarya aka jawo.

Tana da abin ji a kunne, ita ta fara jin gangar ta shigo daga ƙasa. Ta ɗaga kai don ta ga ko wani ya lura. Ba wanda ya lura. Taken Japheth yana tafiya, ƙauye guda yana tsalle a cikin filinsa, ana dariya ana liƙi, ƙura tana tashi. Abin da ta hana mutum ɗaya ya yi, ta sa kowa ya yi shi da hannunta. Kunya da tsoro suka rufe ta.

Mama Alice tana zaune a kujerun iyaye. Rebecca ta ga ta karkata kai, ta tsaya cak, sannan ta miƙe da sandarta. Tsohuwar nan ta kutsa cikin masu rawa tana ture su, tana bugun ƙafafun samari da sanda, tana cewa su fita, na Japheth ne, ba su da kunne ne? Wasu suka ɗauka tsufa ne ya taɓa ta. Ta kai ga amaryar ɗanta ma ta ja ta gefe.

Rebecca ta janye waƙar sama gaba ɗaya, ta ɗaga gangar. Nan take mutane suka dare da baya suna kallon ƙasa, wasu suna salati, wasu suna kiran Yesu. Mama Alice ta tsaya a bakin fili tana haki, sanda a gicciye, kamar mai korar awaki daga shanya.

A nan Rebecca ta gane ta zalunci tsohuwar a zuciyarta. Matar da ta tsamo taken ɗanta daga ƙarƙashin wannan hayaniya ba ta gaji da shi ba. Nema ta yi a sallame shi yadda ake sallamar mutum, a gaban jama'a, ido na ganin ido.

Obed yana tsaye a gefe cikin kayan angonci. Bai motsa ba. Bai kalli uwarsa ba, Rebecca yake kallo, kuma a bayyane yake cewa in ba ta ce komai ba, a nan zai tsaya har kiɗan ya ƙare, a ci gaba da zama yadda ake. Take kuwa gajere ne, ya kusa kai ƙarshe. Ta sa yatsa ta mai da shi farko. Ta ɗauki makirfo.

“Obed,” ta ce, “shiga.”

Ya cire takalmi ya shiga. Bai iya ba, rawar ɗan acaɓa ce, sai da Baba Isaiah ya riƙa yi masa nuni da kafaɗa daga inda yake zaune. Ba wanda ya yi guɗa. Mama Alice ta zauna a ƙasa a wurin ta saki kukan da ta daɗe tana riƙewa, mata suka kewaye ta. Rebecca ta bar gangar ita kaɗai har ta ƙare, sannan ta sa waƙa ta gaba, domin biki ne, kuma akwai baƙi daga Kuyello da ba su ci abinci ba.

Ranar Litinin ta riƙe hannun Mercy suka je wurin fasto, ta ce a sa ranar addu'ar Japheth. Fasto ya tambaye ta, in jama'a suka nemi sani, wa za a ce ya kawo labarin rasuwar.

Ta ce, “A ce ni ce.”