Kawu Mai Majigi a Titin Kaboyi

Takardar da aka naɗe mini soyayyen kifi da ita a bakin gadar Wudil, wata ranar Juma'a, ita ce mafarin wannan tafiya. Na buɗe zan ci, sai na ga hoto mai launi: wani dogon titi da benaye na katako hagu da dama, dawakai ɗaure a ƙofar shaguna, can baya kuma wani ƙaton lilo mai kama da ƙafar keke ya kusa taɓa gajimare. Rubutun Turanci ya ce a gefen Ikko, bakin teku, akwai garin 'yan fim, da masauki da wuraren wasa, inda mutum zai taka titin da yake gani a silima da ƙafarsa. Layin ƙarshe man kifi ya cinye shi. Ban damu ba. Lokacin ina saurayi, malamin firamare, akwatina cike da 'yan littattafan soyayya da nake saya a kasuwa, kuma a cikinsu duk wanda ya tsinci takarda, ƙaddara ce ta aiko masa.

Na kai wa Kawu, yayan mahaifiyata. Shekara ashirin ya yi yana bin motar majigi ta En'e, daga Utai zuwa Kausani zuwa Indabo. Wani ne ke kunna inji, shi nasa lasifika: hoto na tafiya a kan farin ƙyalle, shi yana ba shi baki da Hausa. A Turanci ko zo in kashe ka bai sani ba, amma shi ya raɗa wa kowane kaboyi suna, shi ya gaya wa mutanen karkara abin da doki ke tunani. A shekarar nan yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dusashewa. Likitan ido a birni ya ce a zo bayan kaka a yi aiki, amma bai yi alkawarin komai ba.

Kawu ya kawo takardar dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan titin na san shi," in ji shi. "Na kashe mutum ya fi ɗari a kansa. Malam, kai ni in gan shi kafin a sa mini wuƙa."

Sati uku muka yi muna shiri. Na ari taswirar makaranta na auna nisan da tsinken tsintsiya. Na tsara mana kwanaki: ranar farko titin kaboyi, ta biyu lilo, ta uku teku. Na ɗinka wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa irin na yayi, don ina da yaƙinin a gindin lilon nan wata mai lema za ta yar da hankicinta in ɗauka mata. Kawu ya kai farar rigarsa wajen bugu. Matarsa ta yi mana dambun nama da ƙuli-ƙuli tana mita, wai mutane na tara guzurin Makka, su nasu na zuwa gaida kaboyi.

Mun tashi da asuba ranar farkon hutu, a bayan wata motar ɗaukar shanu da za ta shiga Kano. Kogin yana cike, masunta sun riga mu fita. Da hantsi muka shiga jirgin ƙasa. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo hannun mutane, taragonmu kowa da sabuwar rediyo, kowace da tashar da take kamawa, har da wani mai ɗauke da fanka a cinya alhali garinsu babu lantarki. A Zariya muka sayi rake, a Kaduna dafaffen ƙwai, kuma mai ƙwan ta ce da naira da kwabo take ciniki, Kawu ya ce shi sule ya sani, suka yi ta ja har jirgi ya yi kuka.

Kawu ya zauna bakin taga, ni ne idonsa. Bayan Minna ƙasa ta fara sauya kama, kuka da dorawa suka ja baya, itatuwa suka yi duhu. Da muka hau gadar Jaba na ce masa kogin Kwara na kwance kamar amarya cikin mayafin azurfa.

"Bar zumar nan," in ji shi. "Kwale-kwale nawa?"

Na ƙirga, huɗu ne. Ya ce to yanzu ya ga kogi.

Daga Ilori aka fara leƙo mana da soyayyiyar ayaba da lemo, masu arha har da kunya. Tuwon doyar da muka ci a Badun, baƙi ne, da miyar da ta sa Kawu hawaye, ya ce wannan barkonon ya fi maganin likita wanke ido.

A Ikko mun sauka Agege wurin wani ɗan Kausani mai fataucin goro. Ya juya takardarmu gaba da baya, ya ce bai taɓa jin wurin ba, amma Ikko ce, ana kwana a tashi a ga sabon gari. Washegari muka ɗauki hanya. Mota uku muka canja, cunkoso ya riƙe mu har rana ta take. Mutum zai iya sayen agogo, ya gwada takalmi, ya ci burodi, duk ta taga, motar ba ta motsa ba. Da muka ɓullo bakin teku na ga jiragen ruwa jere har iyakar gani, aka ce siminti ne a cikinsu suna jiran layi. Wannan karon ban ce komai game da azurfa ba. Na fara ƙirgawa na gaji.

Wurin yana can bayan gari, an kewaye shi da kwanon rufi. A bakin ƙofa ga ƙaton allo da hotonmu sak, da dawakan da lilon. A ƙasansa kuma ga layin da man kifi ya cinye, da manyan baƙaƙe: za a buɗe nan gaba.

Maigadin dattijo ne mutumin ƙasar Haɗeja. Suka gaisa da Kawu, ina gajiya, ya hanya, ya mutanen gida, ya damina a can wajenmu. Na ja maigadin gefe na gaya masa komai cikin raɗa.

"Ɗana, ai ba a gama ba. Baɗi, in ji su. Bara ma baɗin suka ce."

Na nuna masa idon Kawu. Ya duba hagu ya duba dama, ya ce leburori sun tafi cin abinci, mu shiga mu fito kafin ɗan kwangila ya dawo.

Titin yana nan, amma fuskoki ne kawai. Kowane bene bango ɗaya ne na katako, an tokare shi ta baya da sanduna, bayansa ciyawa da tulin yashi. Lilon yana kwance gunduwa-gunduwa cikin akwatuna. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "To, Malam, me ake yi?"

Allah ya yafe mini, na buɗe baki na zuba. Na ce ga dawakai goma sha biyu ɗaure a dama. Ga mata da lema suna saukowa daga bene. Ga ruwa na tsartuwa sama daga bakin wani kifin dutse, ga lilo can yana juyawa a hankali da mutane a ciki. Duk abin da na taɓa karantawa na kwaso. Shi kuwa yana gyaɗa kai, muna tafiya. Sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa. Bangon ya amsa kamar ganga.

"Dawakai nawa ka ce?"

"Goma sha biyu, Kawu."

"Goma sha biyu, ban ji warin kashin ko ɗaya ba? Dawakan Ikko akwai ladabi."

Nan take na gaya masa gaskiya, da layin da ban karanta ba, da sandunan da ke bayan bango. Na ce ni na jawo shi tun daga Wudil da ragowar idonsa ya zo ya ga katako.

"Aikinmu yana da doka," in ji shi. "Ba a sa doki inda babu doki. Abin da ke kan ƙyalle shi ake ba baki. Kai ni tsakiyar titi, ka juya ni rana ta koma bayana."

Na kai shi. Ya rufe mataccen idon da tafinsa, ya ɗaga kai. Ya ce yana ganin layin rufin benayen a jikin sama, hagu da dama, yana tsukewa can ƙarshe.

"Shi ne," ya ce a hankali. "Wallahi shi ne. To wa ke tahowa can?"

Wani lebura ne ɗauke da kwanon siminti a ka. Ta bayanmu kuma ga shugabansu da malafa yana sakace. Na gaya masa. Kawu ya gyara riga, ya dunƙule hannu a baki kamar lasifika, sai ga muryar da tun ina yaro rabona da ita.

"Jama'a, a yi shiru! Ga Dogo Mai Kwano ya shigo gari, shekara bakwai yana neman wanda ya sace masa akuya! Ga Sarkin Malafa, ya ci akuyar, yana sakace naman!"

Leburan ya tsaya cak. Ashe Bahaushe ne, rabin leburorin ma 'yan arewa ne, suka taso da kwanukan abincinsu. Mai malafa bai jin Hausa, aka fassara masa, ya tuntsire da dariya, ya buɗe ƙafafu ya sa hannu a ƙugu. Kawu ya ja su taku ɗaya-ɗaya, ina raɗa masa wanda ya motsa, yana ba shi baki. Da ya ce "Tau!" mai malafa ya dafe ƙirji ya zube cikin yashi, aka ɗauki sowa. Sai da aka kashe shi sau uku kafin maigadi ya zo da gudu ya ce ga motar ɗan kwangila.

Ba mu ƙara kwana biyun da na tsara ba. A jirgin dawowa Kawu ya yi ta barci, in ya farka ya tambaye ni abin da ke waje, in gaya masa daidai. Mun iso Wudil ana kiran la'asar, guzurinmu saura ƙuli-ƙuli uku. Abin da na koyo bai da yawa: a karanta takarda har ƙasa, kuma wanda ya ba ka amanar idonsa, kada ka yi masa ado da ƙarya, ko don tausayi ne.

An yi wa Kawu aiki bayan kaka, idon bai dawo ba. Ya ƙara shekara tara a duniya, yawancinsu a kan tabarma a ƙofar gidansa, kuma babu baƙon da ya zauna bai ji yadda aka harbe Sarkin Malafa ba. Bai taɓa ƙara doki ko ɗaya a labarin ba. Dab da rasuwarsa wani direban tirela ya dawo daga Ikko, ya ce ya nemi wurin, babu komai sai ciyawa da ruɓaɓɓen katako. Mutane suka juya suna duban Kawu.

"Allah sarki," in ji shi. "Ka je bayan an tashi daga majigi."