Tarin da Aka Ji a Jarrabawar Auta

Daga Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Yuli, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mahaifina, wanda unguwa ta sani da Baba Direba, a sashen masu cutar numfashi na asibiti. Nas ɗin da ke kula da shi ce ta kira ni. Ina tsaye a kantin maganin da nake aiki, ina miƙa wa wata mata maganinta, na ga lambarta a wayata. Na ajiye maganin na ɗauka.

Baba, tun ranar mutane ke kira suna faɗin alherinka. Wani ya tuna yadda kake tsayar da bas ka sauko ka tsallakar da tsoho titi, fasinjoji na ta ƙunƙuni. Wata ta ce kai ka kai ta asibiti tana naƙuda bayan ka tashi daga aiki. Duk gaskiya ne. Ni kuwa abin da idona ya gani a watannin nan na annoba nake so in rubuta, domin a cikin gida aka yi shi, ƙofa a kulle, ba wanda ya gani sai ni da Auta, 'yata, jikarka.

Da aka rufe makarantu aka ce yara su yi karatu daga gida, Auta tana ajin da za ta rubuta jarrabawar wucewa babbar sakandare. Mahaifinta dokar kulle ta riske shi a wani gari, hanya ta rufu. Ni kuma aikina ba ya cikin waɗanda aka rufe, kullum da sassafe nake fita. Makaranta ta ara mata kwamfuta, aka bar mu da sauran. Na zauna ina ta masifa ni kaɗai, ina cewa ta yaya za a yi wannan abu, sai ka ce, "Ke dai tafi aikinki. Ni me nake yi a gidan?"

Ka ɗauki abin kamar yadda ka ɗauki tuƙi. Lokaci lokaci ne. Sai Auta ta yi wanka ta sa kayan makaranta har da safa, sannan ka raka ta daga falo zuwa ɗakinta, ka ce, "Malama, mun iso, a sauka lafiya." Tana fushi tana cewa ba wanda ke ganin ƙafarta a kyamara, kana cewa ai kai kana gani. Ranar farko da malamarsu ta gaida aji, kai ka amsa daga bayan Auta, ka tambaye ta gida da iyali da gajiya, ba ka san duk ajin na jin ka ba. Auta ta yi kuka don kunya, kai kuwa ka ce ba ka ga laifin gaisuwa ba. Mai walda da ke bayan gidanmu ma ba ka bar shi ba. Ka sa takunkumin fuskarka ka je ka zauna a bakin shagonsa, ban san me ka ce masa ba, amma daga ranar ba ya kunna inji sai an tashi darasi.

Babbar matsalarmu sabis ne. Gidanmu a ƙasa yake, dogayen gine-gine sun kewaye shi. Kwamfutar daga wayarka take samun intanet, wayar kuma ba ta kamawa sai a wata 'yar taga ta sama da ke lungun ƙofar ɗakin Auta, nan ma sai an zura hannu ta tsakanin ƙarafa an miƙa ta waje. Ka taɓa sa ta a safa ka ɗaure a ƙarfe, iska ta kaɗa ta, ta faɗo gilashinta ya tsage, darasin ranar ya wuce Auta. Daga nan ka ce ba ka ƙara yarda da igiya ba. Sai ka jawo benci ka hau, ka zura hannu, ka tsaya har a tashi. Idan dama ta gaji ka sauya hagu. Na yi faɗa har na gaji. Na ce mutum mai shekarunka ba ya tsayuwa a kan benci, ka ce hannun da ya riƙe sitiyari tun kafin a haife ni ba waya ce za ta gajiyar da shi ba.

Jarrabawar ta zo da doka mai tsanani. Ɗalibi zai juya kyamara ya nuna kowace kusurwa ta ɗaki, ya rufe ƙofa, ya zauna shi kaɗai. Mai sa ido yana kallo yana saurare daga can. In aka ji motsin wani, ko sabis ya yanke ya daɗe, an soke takardar, sai maimaita aji. Auta ta san wannan, har abinci ta daina ci sosai.

Ana gab da ranar ka fara tari. Ka ce mura ce. Ni da nake sayar da magani na san ba mura ba ce, kai ma ka sani, domin da kanka ka sa takunkumi a cikin gida, ka daina cin abinci tare da mu, ka daina shiga ɗakin Auta. Safiyar jarrabawar na ƙi zuwa aiki. Na taɓa goshinka na ji zafi rau. Na ce asibiti za mu yanzu-yanzu. Ka ce bayan jarrabawa. Na ce to ni zan riƙe wayar. Na hau bencin, na yi ɗage, na miƙe iyakar miƙewata, yatsuna ko ƙarfen ba su wuce ba. Ka dube ni ka ce, "Gajartar uwarki kika ɗauko. Sauko ki riƙe min bencin."

Haka muka yi. Auta a ciki, ƙofa a rufe. Kai a sama, hannu a waje. Ni a durƙushe na rungume ƙafar benci, ina jin rawar ƙafafunka tana bin katakon har cikin ƙirjina. Ka cusa gefen tawul a bakinka ta ƙarƙashin takunkumi. Duk sanda tarin ya taso sai in ga bayanka ya lanƙwashe, jijiyoyin wuyanka su miƙe, ka haɗiye shi, hawaye na zuba. Gumi ya jiƙa rigarka har yana ɗiga a hannuna. Ina so in ce ka sauko, ba halin magana. Na ja ƙafar wandonka, ka girgiza kai ba tare da ka kalle ni ba. Wallahi na ji haushinka a lokacin, na ji tsoro, na kuma san da ni ce a sama da ba zan sauko ba.

Saura kaɗan a gama tarin ya ƙwace maka. Tari ne mai ƙarfi, daga ƙasan ƙirji, ya yi ta zuwa ba ƙaƙƙautawa. Hannunka bai motsa daga tagar ba. Ta cikin ƙofa muka ji muryar mai sa ido tana cewa, "Wane ne a wurin?" Auta ta ce, "Kakana ne, a waje yake." Sannan aka ce ta ƙarasa, amma za a kai rahoto. Ba ka sauko ba sai da ta ɗaga murya ta ce ta tura takardar. Da na taimake ka ka zauna, hannun ya ƙi lanƙwasuwa, sai da na yi ta murza shi. Kafin la'asar an ba ka gado a asibiti, an sa maka abin iska a fuska, an ce mu koma gida mu killace kanmu.

Saƙon makaranta bai jima ba ya iso. An riƙe sakamakon Auta, za ta bayyana gaban kwamiti ta bidiyo. Ban ga laifinsu ba. An kama yaran da manya ke ba su amsa da tari ko ƙwanƙwasa tebur, su kuma ba su ga abin da ke bayan ƙofarmu ba. Amma ba mu da shaida sai bakinmu. Na ce wa Auta kada ta kuskura ta gaya maka. Da nas ta haɗa ku a waya, tambaya ɗaya ka yi mata ta fashe da kuka, ka ji komai.

Nas ta gaya min ka tayar musu da hankali a ɗakin. Ka ce sai an sa ka a zaman kwamitin. Ta ce numfashinka ba zai ɗauka ba, ka ce to a kira likita. Likita ya zo ya ƙi, ka kama hannun rigarsa ka ƙi saki, har ya yarda, ya ce magana kaɗan za ka yi, in ya ɗaga hannu an gama.

Ranar zaman, mai walda ne ya zo ya tsaya ta waje, muka miƙa masa wata waya ta taga ya riƙe mana. Auta ta yi bayani, na yi nawa. Wani malami ya tambaye ta dalilin da tarin ya zo daidai lokacin da take kan tambayar da ta fi wuya. Ta juyo ta dube ni. Ina kallon fuskokinsu na san ba mu gamsar da su ba. Sai hotonka ya fito a gefen allon. Na kusa kasa gane ka, Baba, idanunka sun faɗa. Ka sa hannu ka ɗaga abin iskar.

"Malamai, sannunku da aiki," ka ce, kana tsayawa bayan kowace kalma. "Ni ne mai tarin. Ga shi nan, bai bar ni ba. Lissafin da take yi ban san kansa ba balle ƙafarsa. Waya kawai na riƙe. Yarinyar nan ita ta yi karatunta, ni shaida ne. In akwai hukunci, ni za ku yi wa."

Tarin ya taso maka a gabansu, shi ɗin dai da suka ji a rahoto. Na'urar da ke gefen gadonka ta fara ƙara. Shugabar kwamitin ta miƙe tsaye daga kujerarta tana cewa, "Baba, mayar da abin numfashinka, don Allah mayar. Mun ji." Nas ta kashe wayar. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

Washegari aka saki sakamakon. Auta ta wuce. Lokacin ba ka iya riƙe waya, don haka nas na roƙa ta gaya maka a kunne. Ta ce ka lumshe ido ka daɗe, har ta ɗauka barci ya ɗauke ka, sai ka yafito ta da yatsa. Ta sunkuya. Ka ce, "Yaushe za su fara sabon ajin?" Ta ce ba ta sani ba, za ta tambayo. Ta kira ni, ni ma ban sani ba, makaranta ba ta sanar ba tukuna. Ba ka ƙara wata magana ba har Allah Ya yi ikonSa, bayan mun gama killace kanmu na koma aiki.

Ranar jana'iza ba a bar mu mun zo kusa da kai ba. Daga nesa muka tsaya, mutum kaɗan, kowa da takunkumi. Wannan yana min ciwo, kuma zai daɗe yana yi.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, tsayuwar da ya yi saboda karatun yarinyar nan Ka sa ta a mizaninsa. Ka haɗa shi da mahaifiyarmu a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙannensa, da yayyena da hanya ta hana su zuwa, da mahaifin Auta, da tsofaffin abokan aikinsa. Ina godiya ga nas da likitan da suka yi iyakar ƙoƙarinsu, da mai walda, da malaman da suka saurare shi. Duk wanda annobar nan ta raba shi da nasa, Allah Ya ba shi haƙuri, Ya kuma yaye mana ita.

Auta na zaune kusa da ni ina rubutun nan. Ta ce kada in rufe sai na ba ka amsarka. Makaranta ta sanar jiya, Baba. Ranar Litinin za su fara.