Baba Dokta da Jarrabawar Minti Bakwai

Duk wanda ya yi aiki da Baba Dokta Iliya a ɗakin gaggawa ya san agogon nan nasa. Agogon tebur ne mai ƙararrawa biyu a ka, yana cusa shi a aljihun farar rigarsa har aljihun ya zazzago. Ko gaisuwa ce, in ta yi tsawo sai ya ciro shi ya duba. Ni Ladi, a lokacin ƙaramar likita ce a ƙarƙashinsa, kuma maƙwabciyarsa a unguwar Television, don haka na sha agogon nan a asibiti, na sha shi a gida.

Shekarar da soja suka miƙa mulki aka ɗora masa tsara jarrabawa ga ɗaliban likitanci da ake turo mana koyon aikin gaggawa. Kafin nan kowane malami da irin tambayarsa, wanda ya faɗa hannun mai sauƙin kai ya wuce. Baba ya ce ya gaji da ganin ɗalibi mai babban maki ya daskare a gaban wanda mota ta kaɗe. Daga yanzu kowa majinyaci ɗaya zai duba, da takardar maki iri ɗaya, cikin minti bakwai.

To, ina za a samo majinyacin da zai yi ciwo iri ɗaya sau arba'in? Baba ya wuce unguwar Kakuri ya ɗauko Oga Chidi, makanikin da ke lallaɓa tsohuwar motarsa. Mako biyu yana koya masa nishi a gindin mangwaron gidansa, har matarsa Mama Saratu ta gaji da ba maƙwabta haƙuri. Ranar gwaji kuwa Chidi ya wuce gona da iri. Ya kira sunan uwarsa, ya mirgino daga gado, ya fara raba spanoninsa ga magada.

Baba ya tsaya a kansa ya ce, "Chidi, haƙarƙari biyu na karya maka, ba goma ba. Nishi uku, sannan ka suma."

Chidi ya buɗe ido ɗaya ya ce ai ciwon a jikinsa yake. Baba ya ce ciwon nasa ne, shi ya rubuta shi.

Kafin ɗalibi ko ɗaya ya shiga, sai ya ce mu malamai za mu fara yin jarrabawar, shi ne na farko, ni ce mai ba da maki. Ya duba numfashi, ya tsayar da jini, ya gama komai cikin minti biyar, gwanin sha'awa. Sai dai bai juya Chidi ya duba bayansa ba, inda aka zana rauni da jan tawada. Shi da kansa ya rubuta cewa wanda bai duba baya ba ya faɗi. Kunya ta kama ni, na rubuta masa ya ci. Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo.

"'Yata, na juya shi?"

Na ce a'a, Baba.

"To na kashe maki mutum, kina rubuta min na ci?"

Ya soke makin da hannunsa, ya liƙa sunansa a allon sanarwa cikin waɗanda suka faɗi. Bayan mako guda ya bi layi tare da ɗalibai ya sake.

Wata rana wani sabon ɗan majalisa ya zo da babbar riga da 'yan rakiya, saboda ɗansa ya faɗi. Gabanmu duk ya faɗi, don a lokacin waya ɗaya ta isa a ɗauke mutum daga aiki. Baba ya ba shi kujera, ya saurare shi har ya gama, sannan ya sa aka kira ɗan, aka kira yarinyar da ta zo ta ɗaya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu zamanin zaɓe ne. Ga gado, kwanta, mota ta kaɗe ka. Ga ɗanka, ga wannan. Ƙuri'a taka ce."

Mutumin ya dubi ɗansa, ya dubi gadon, ya gyara hula, ya tambayi yaushe ake sake jarrabawar. Sai a karo na uku ɗan ya ci. Yau shi ke shugabantar wani ɗakin gaggawa, kuma na ji ya fi Baba tsanani.

A ciwon Baba na ƙarshe an kawo shi ɗakin da ya yi rayuwarsa a ciki, numfashi na masa wuya. Wata sabuwar likita ce ta karɓe shi, ba ta ma san ko wanene ba. Ina tsaye ina kallon idonsa na bin hannunta, mataki bayan mataki. Da ta gama ya yafito ni, na sunkuya. Da ƙyar ya ce in gaya mata ta ci.

Allah ya ba Baba hutawa a wurinsa, ya ta'azantar da Mama Saratu da yaransu. Hannuwan da ya horar, Ubangiji ya ci gaba da ceton rai da su. Amin.