Rabin Aikin da Fuseini Ya Bari

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Fuseini, ɗan'uwana da muka zo duniya rana ɗaya. Mutane kan tambaye ni ko zafin ya ragu. Ni ban ma san ko zafi ne ba. Ina cin abinci, ina hawa motar haya ta trotro zuwa aiki, ina dawowa Zango.

Dukanmu rubuta manhaja muka koya, amma hali ya raba mu. Ni yaren kwamfuta ɗaya na riƙe, shi ke ciyar da ni. Fuseini kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Akwai shafukan intanet masu ba da matsaloli na wasa ƙwaƙwalwa, ka rubuta amsarka, na'ura ta gwada ta ce ka ci ko ka faɗi. Yau ya warware da Python, gobe ya koma Rust, jibi wani yaren da ko sunansa ban taɓa ji ba. Da hannunsa ya fara faɗawa sai ya watsar ya kama wani. Na sha yi masa tsiya cewa zai tsufa a aji ɗaya. Yakan ce, "Chale, ɗan'uwa, daɗin yana wurin da ban iya ba."

Zazzaɓin da ya zama ajalinsa ya same shi a tsakiyar wata matsala ta neman hanya mafi kusa tsakanin garuruwa. Mma, mahaifiyarmu, shinkafa da wake take sayarwa, ba ta san me ake yi a allon kwamfuta ba. Ta dai san ɗanta ya bar aiki rabi. Duk shekara idan ranar rasuwarsa ta zagayo, bayan addu'a sai ta ce, "Alhassan, ka gama ma ɗan'uwanka aikin nan?" In ce saura kaɗan. Daga nan mu yi ta hirarsa har la'asar. Ranar ce kaɗai ake kiran sunansa a gidanmu.

Bara na gaji da cewa saura kaɗan. Na ɗauki rabin aikin na miƙa wa manhajar nan ta zamani mai rubuta amsa da kanta. Kafin shayina ya huce ta ƙarasa, shafin ya ce daidai ne. Na zauna ina jiran in ji wani abu, ban ji ba. Da Fuseini na nan, ina jin dariya zai yi, ya goge, ya sake daga farko da hannunsa.

Na gaya wa Mma. Ta ce, "Yoo, Alhamdu lillahi," ta ci gaba da tsince wake.

Na ɗauka abin da ya bar mana shi ne tarin yarukan da ya ɗanɗana. Ashe rabin aikin nan ne ke riƙe da shi a gidan. Bana ranar ta zagayo, aka yi addu'a, malamai suka tafi. Mma ta dube ni, na dube ta, babu abin tambaya. Sai ta tashi ta ɗora tukunya.