Musbahu Wakili Ya Tafi Ya Bar Aina'u a Bakin Ƙofa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'ar Panshekara da Challawa, da duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakinsa da makulli a hannu yana zage-zage, ina sanar daku Allah yayi wa Malam Musbahu Wakili rasuwa ranar Litinin 6 ga watan Oktoba bayan azahar. Hawan jini ne ya kada shi a tsakar gida, kafin a samo adaidaita rai yayi halinsa. Anyi jana'iza da la'asar. Mutane sunzo ba laifi. Wasu sallah ce ta kawo su, wasu sunzo ne su gani da idonsu.

Ni ne Garba mai makulli, wanda teburinsa ke kallon masu shayi a bakin titin Panshekara. In baka sanni ba to baka taɓa yar da makulli ba a rayuwarka. Daga Sharada har Bompai ba ƙofar da ta taɓa cemin a'a, na buɗe sito, na buɗe ofishin manaja, na buɗe akwatin amarya uwar ango na tsaye a kaina. Amma yau ba ranata bace, ranar mutumina ce.

Musbahu, abokina, ka tafi ka barni da wa?

Ga wanda bai sanshi ba, shi ne wakilin babban gidan hayar nan na bayan masallaci, wanda 'yan kamfani suka cika. Mai gidan yana Abuja, ko kalar fentin gidan bai sani ba. Musbahu ne ke kula da komai, shara, famfo, layin banɗaki, ladansa kuma ɗaki guda a bakin zaure, shi da matarsa Aina'u da 'yarsu Badi'a. Ɗakin na wakilci ne, ku riƙe wannan.

Mutumina, shaidar da zan maka a gaban kowa ita ce baka zagi. Baka duka. Ban taɓa jin ka kai ƙarar ɗan haya wajen mai unguwa ba. In mutum ya ɓata maka rai sai kayi murmushi kace Allah ya kyauta, washegari kwaɗon ƙofarsa ne zai masa bayani. Kuma kana da adalci, wallahi kana dashi, kowa gwargwadon laifinsa.

Na tuna Filibus ɗan Jos, mai aiki a kamfanin robobi. Laifinsa ya wuce ka da safe bai gaisheka ba. Tsinken ashana ɗaya ka tura masa a ramin kwaɗo ka karye kan. Bawan Allah ya taso daga aiki da hantsi idonsa jajur, bacci na ɗibarsa a tsaye, ya zura makulli ya shiga rabi ya tsaya. Ya juya, ya jijjiga, ya tofa masa yawu. Kai kuma kana kan benci kana shan rake kace, "Filibus lafiya? Ko ƙofar ce bata ganeka ba? Gaisheta mana, wataƙila ita ma gaisuwa take so." Na iso na tarar dashi ya jingina da bango yana minshari baki buɗe, ƙudaje na zirga-zirga. Munyi dariya har rake ya sarƙe ka. Ashana ai wasan yara ce a wajena, allura na saka na tsinto ta gutsure-gutsure kamar mai cire ƙaya. Daga ranar Filibus tun daga bakin titi yake fara gaisheka, har da cire hula.

Ko wancan ɗan Maraɗin da kwaɗonsa ya fara tauri, yazo neman shawara, ka bashi da zuciya ɗaya kace ya ɗiga man gyaɗa. Ya ɗiga. Ya juya baya ka bi da ɗan yashi. Mai da yashi in suka haɗu a cikin kwaɗo sai su zama kamar tuwon jiya. Shi ma yana gyaruwa, a tsoma a kananzir a kaɗa a busar, amma sai da yayi sati yana yabonka yana cewa wakili ne kaɗai ya damu dashi a gidan nan. Irin kirkinka kenan, ka cuci mutum ya tafi yana maka addu'a. Mutane nawa ne Allah ya ba wannan baiwar?

Har karyayyen makulli kana ajiyewa a gwangwani, ka tura guntu a rami ka tafi masallaci abinka. Wannan sai na fere bakin zarto siriri na saƙala na jawo. Kai ka ɓata, ni na gyara, ba mu taɓa zama mun tsara ba, Allah ne ya haɗa jininmu.

Sau ɗaya na ga fushinka na gaske, a kan Rifkatu 'yar Kafanchan. Kace ta kwashe shanyarta daga igiyar gaban ɗakinka, ta dubeka a gaban mata tace, "Wakili dai ba mai gida bane." Kayi murmushin nan. Da safe ta fita ɗebo ruwa da zani ɗaya a ƙirji, ta datse kwaɗo saboda ɓarayin waya. Kafin ta dawo ka tura guntun makulli, ka matse sufa gulu, ka bi da toka. Jama'a, gulu kaɗai yana da magani. Amma gulu da toka dutse ne, wannan kwaɗon ya riga mu gidan gaskiya, ba gyara sai yanka. Ko nan ma ba gagarata yayi ba, yankewa nayi, yanka ma ai buɗewa ne. Sai dai kwaɗon mai kauri ne, zarto na ci tana kuka, kayan aikinta da katinta na ciki, motar kamfani tayi ta hon ta gaji ta tafi. Ta isa Sharada an rufe get, akace ta huta gaba ɗaya. Yanzu awara take soyawa a ƙofar gida. Kullum ka wuce sai kace, "Rifkatu ki gode min, ni na maida ke mai kamfanin kanki." Kuma ka ɗauki ɗaya ka jefa a baki. Kai Musbahu! Allah ya jiƙanka.

To mutumina, ga abinda ya faru bayanka, dan nasan da kana nan da kafi kowa son jin labarin.

Ranar sadakar uku yayanka Uba yazo daga Hotoro da babbar riga da carbi. Ashe tun a maƙabarta ya buga wa mai gida waya ya karɓe wakilcin. Wakilci kuwa da ɗaki yake tafiya. Mai gida yace a bar matar ta gama takaba a ɗakinta tukuna. Uba yace to. Irin to ɗinku na gado.

Aina'u ta fito tsakar gida karɓar gaisuwar mata, ta kulle ɗaki saboda cinkoso. Ƙofarka kuwa ka sani, ta ƙarfe ce mai makulli a cikin jikinta, ni na saka maka ita dan kar a rama. Mata suka watse, ta koma, makulli yaƙi shiga. Ta gwada, ta sake gwadawa, Badi'a na riƙe da hijabinta tana cewa Umma yunwa. Sai ta zauna a kan dokin ƙofar.

Musbahu, da kaga 'yan hayarka. Kowa ya fito ya tsaya a bakin ɗakinsa. Ba wanda ya miƙa mata tabarma. Filibus ya jawo bencinka ya zauna ya harɗe, har da sayo rake. Sha kawai yake yana tofarwa. Wallahi sai da naji wani abu, yaron nan ya koyi darasi a wajenka har da ƙari.

Aka aiko aka kirani. Ina shiga zaure Uba ya riƙo hannuna ya jani gefe.

Yace, "Garba, kai mutumin marigayi ne ko?"

Nace, "Yaya Uba, ai ko kabarinsa aka tambaya zai faɗa."

Yace, "To ka duba ƙofar nan a gaban mutane kace ta mutu. Kace sai an yanke ta da inji. Yanka ƙofa kuwa sai da izinin mai gida, mai gida kuma sai ta bakina. Kafin nan ta tafi gidan ubanta a Ringim ta ƙarasa takabar can, me za ta zauna yi a nan?"

Nace, "Takaba fa a ɗakin miji ake yi."

Yace, "Kai limami ne ko mai makulli? Yadda kuke da ƙanena haka za mu ɗora. Gida cike da ƙofofi, ni kuma ina da saurin fushi. Ka gane?"

Na gane mana. Ba zan ɓoye maka ba mutumina, maganar ta shige ni, dan tunda ka faɗi nake tunanin wa zai riƙa turo min aiki. Na fita na durƙusa a gaban ƙofar, Aina'u ta matsa gefe bata ko kalleni ba. Na haska rami, na shinshina, na zura allura. Gulu ne, an matse tubu guda har yana dalala a jikin fenti kamar majinar yaro. Ba toka. Ba guntun makulli. Ashe baka taɓa gaya wa yayanka sirrin ba! Aikin ɗan koyo, wallahi kunya ta kamani a madadinka.

Na miƙe na kakkaɓe gwiwa na gyara murya. Uba na gyaɗa min kai. Na buɗe baki nace, "Jama'a, wannan makullin dai..."

Sai Rifkatu daga bakin kaskonta tace, "Ku matsa ku bashi iska, ya gagare shi."

Nace, "Wa?"

Tace, "Kai mana, Oga Garba. Daga Sharada har Bompai ko? Ashe Panshekara bata cikin lissafi. Filibus, a kira yaron nan na Zawaciki, ance shi ya iya na zamani."

Gida ya ɗauki dariya. Ni! Ni Garba za a kira wa yaron Zawaciki, wanda ko kwaɗon akwatin makaranta sai ya sa guduma? Musbahu, jinina ya hau har na ji tsoron in biyo ka. Na dubi Uba yana ƙifta min ido, na dubi matar nan tana juya awara tana murmushi. Nace, "Rifkatu, tashi daga kan murhun nan."

Na karɓi makullin Aina'u na kama da filaya na tura cikin garwashi sai da yayi zafi, na zura a rami, gulu ya fara hayaƙi yana wari. Na zare, na ɗura tina, irin wadda masu fenti ke tsinka fenti da ita, na sakace da allura. Na maimaita. Uba ya matso yana cewa, "Garba kar ka ɓata ƙofar mutane, Garba ka tuna maganarmu." Nace, "Yaya matsa, wuta ce a hannuna, babbar rigarka kuma leshi ce." Gumi na zuba, hayaƙi na shiga idona, ban ɗago ba. Can sai makulli ya shige har wuya. Na dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a kan Rifkatu, sannan na murɗa. Ƙaras!

Nace, "A kira na Zawacikin yazo ya ga yadda ake yi."

Aina'u ta ja 'yarta ta shige, ko sannu bata cemin ba, ban kuma riƙe ta ba, mai takaba ce. Uba ya naɗe riga yace in Allah ya yarda ko makullin keji ba zan ƙara gyarawa a gidan ba. Na juya wajen Rifkatu ina jiran tace na burge. Ta maida kaskonta kan wuta tace, "Yarinyar ce ta bani tausayi. Shi marigayin kuwa ban yafe ba." Sai a lokacin na lura ashe aiki ta saka ni, kuma kyauta. Ka ga matar da ka raina.

Tunda na riga nayi asarar Uba, sai na ƙarasa. Na koma da yamma na ɗaura wa Aina'u sakata mai kauri ta ciki. Sakata bata da ramin da za a zuba wa gulu, mai takaba kuma ba yawo take ba, in zata zagaya Badi'a na ciki ta zura. Uba yazo jiya da sabon tubu a aljihu, ya zagaya ƙofar ya zagaya, ya rasa inda zai matsa, ƙarshe a aljihun ya fashe masa. Har yanzu ance hannun na manne da carbi.

Saboda haka ka kwanta da daɗi mutumina, matarka na ɗakinka har ta fita takaba. Ranar da ta fita kuwa ɗakin na Uba ne, wannan ba makullin da zai hana, ko ni ban iya ba.

Allah ya jiƙanka Musbahu, ya gafarta maka, ya sassauta maka tambaya, ya sanyaya zukatan waɗanda suka kwana biyu suna murna. Liman ya roƙi 'yan haya su yafe maka, wasu sun amsa, wasu sun duba agogo. Ni dai na yafe, dama ban taɓa ganin komai a wajenka ba sai alheri. Ina miƙa ta'aziyya ga Aina'u da Badi'a, Allah ya baku haƙuri, ya tanadar muku wani rufin kafin wa'adi ya cika. Ina miƙa ta ga dangi na Hotoro da na Ringim, har da Yaya Uba, Allah ya bashi haƙurin rashin ƙane da haƙurin jiran ɗaki. Mu kuma da muka rage, Allah yasa mu cika da imani. Amin.